Loma Ɗaya a Zauren Baba

Ni dai Mansura, ban taɓa zaton loma ɗaya ta tuwo za ta rushe abin da na shekara biyu ina ginawa ba, sai da na sauka a Kucheri ranar Asabar da hantsi.

Matan da ke layin famfo suna hango ni suka yi tsit. Wata ta zunguri ta kusa da ita, suka raka ni da ido har na shige gida.

Na iske Inna a tsakar gida tana tankaɗe. Ko jakata ban ajiye ba.

"Inna, me ya faru jiya a zaure? Tun la'asar nake kiransa, wayarsa a kashe."

Ta ɗago ta watsa min harara.

"Ni kike tambaya? Ke da kika jawo muna abin kunya har cikin gida?"

Wanda nake nufi Kedir ne, ɗan ƙasar Habasha. Shekara biyu ke nan da ya zo jami'armu a Gusau yin digiri na biyu a fannin noma, yana bincike a kan ƙuduji, ciyawar nan mai kashe dawa. A aji muka haɗu. Musulmi ne, ya koyi Hausa da kyau, amma ba shi da kowa a ƙasar nan sai Malam Labbo, wani tsohon manomi a Bungudu da ya ba shi ɗaki da gefen gona.

Wata bakwai na yi ina roƙon Baba ya bari ya zo ko gaisuwa ce. Amsarsa ɗaya: "Wa ya san asalinshi? Wa za mu tambaya?" Da ƙyar da siɗin goshi ya sa musu ranar Juma'a.

Babu abin da ban koya wa Kedir ba. Ka cire takalmi tun daga nesa. Ka durƙusa. Kada ka fara miƙa hannu. Kada ka kalli Baba cikin ido, kada ka ambaci sunana. Har maimaitawa na sa ya yi ta yi kamar ɗan firamare. Abu ɗaya na manta, maganar abinci.

"Bari ni in ba ki labari, tunda ganau ne ni ba jiyau ba."

Na juya. Zaharaddeen ne ya shigo yana kaɗa makullin mota. Ɗan ƙanen Baba ne, yana da shagon takin zamani a Tsafe, kuma sau biyu yana aiko da maganar aurena ina cewa ba na yi. Bakinsa har kunne.

"Bayan an sauko Juma'a aka fito da ciyayya, kowane maƙwabci ya kawo kwanonsa zaure. Kin san Baba ya shekara bai ci abinci cikin mutane ba, tunda likita ya hana shi gishiri. Amma tsohon nan na Bungudu da ya rako shi ya matsa, wai sai maigida ya sa albarka. Mu duk muna jiran gogan naki ya ja gefe, kamar kowane mai neman aure mai kunya. Ina! Sai ya wanke hannu ya matso."

Na dafa turmi.

"Wannan ma da sauƙi. Sai gani muka yi ya yanko tuwo, ya mulmula, ya dangwalo miya, ya miƙa hannu har bakin Baba. Bakin Baba, Mansura! A gaban liman, a gaban mai unguwa!"

"Innalillahi," na ce, ban san ta fito ba.

"Baba ya make hannun, lomar ta faɗi kan tabarma. Aka tashi babu ko addu'a. Kuma kowa ya san abin da ake ɗura wa mutum a loma. Barbaɗe ne. So ya yi ya juya wa Baba tunani ya ba shi ke."

Nan zuciya ta ciyo ni.

"Ka ji tsoron Allah, Yaya Zaharaddeen! Tuwon daga ina ya fito? Ba Inna ce ta tuƙa shi ba? Wane mahaukaci ne zai yi barbaɗe a gaban mutum ashirin da rana tsaka? Kai ka fara faɗar wannan maganar, na rantse kai ne! An ce ba a son ka, shi ne ka samu tsani."

"Ke, ki iya bakinki!" in ji Inna.

"Ba zan iya ba, Inna! Baƙo ne, bai sani ba. Rashin sani laifi ne?"

Gyaran murya muka ji. Baba ne tsaye a bakin ɗakinsa, hannunsa na dama cikin aljihun riga kamar yadda ya tsiri yi tun bara. Ban taɓa ganin idonsa ya yi ja haka ba.

Na zube ƙasa.

"Baba, don girman Allah ka saurare ni..."

"Ki hwaɗa ma wanga yaro," ya ce a hankali, "in na sake ganin ƙafarshi a Kucheri, ni da ke ne. Na gama magana."

Ya koma ciki ya turo ƙofa. Zaharaddeen ya fita yana fito, ni kuwa na kifa kai a kan turmin na yi ta rusa kuka kamar an aiko min da mutuwa.

* * *

Washegari na ce wa Inna zan koma makaranta. Ina isa Gusau na canza mota zuwa Bungudu, ina tafe ina tsara baƙaƙen maganganun da zan yaɓa masa.

A zauren Malam Labbo na same su. Tsohon yana gyaran igiya, Kedir kuma yana jera littattafai cikin kwali. Ya rame cikin kwana biyu, amma ko tausayinsa ban ji ba.

Na gaida Malam Labbo a gurguje, na juya kansa.

"Me na yi maka, Kedir? Me na yi maka da za ka tozarta ni? Wata bakwai ina durƙuso! Suruki ko ruwa ba ya sha a gaban uban yarinya, kai har da ɗura masa tuwo kamar yaron goye? Ka san abin da ake kiranka yanzu a garinmu?"

"Na sani," ya ce, bai ɗago ba. "Mai barbaɗe. Labarin ya riga ki zuwa. Jiya na je gonar gwajina a Karakkai, na tarar an tumɓuke turakun da na kafa. Mutanen da na shekara biyu ina cire musu ƙuduji suka ce kada in sake taka musu gona."

"To wa ya jawo? Ba kai ba?"

Sai ya jefar da littafin da ke hannunsa. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar.

"Ni na jawo! Komai ni nake jawowa! Na zo ƙasar nan ban san kowa ba. Zazzaɓi ya kwantar da ni sau biyar, babu mai miƙo min ruwa sai wannan bawan Allah. Na shiga gona da littafi, aka ce ni ɗan leƙen asirin 'yan bindiga ne, sai da mai gari ya yi rantsuwa a kaina. In na yi Hausa a yi dariya, in na yi shiru a ce girman kai. Duk na haɗiye, Mansura. Mahaifina ya rasu bara a garinmu Jimma, ta waya na ji. Ban wanke shi ba, ban ɗauki gawarsa ba, washegari na shiga jarrabawa. Wa na gaya wa na gaji?"

Malam Labbo ya ajiye igiyar.

"Yi a hankali, ɗana."

"A'a Baba Labbo, bari ta ji." Ya share ido da bayan hannu. "A wurinmu ana kiran abin nan gursha. Ba ka sa wa mutum loma a baki sai wanda ka fi girmamawa. Ɗa yana yi wa ubansa, amarya tana yi wa uwar miji. Kuma ba a tsayawa a ɗaya, muna cewa loma ɗaya faɗa take jawowa, sai an cike ta biyu. Tun da na baro gida ban yi wa kowa ba. Hannun nan mahaifina ya ciyar na ƙarshe."

Na ƙi sakin fuska.

"Nan ba Jimma ba ce. Da ka tambaye ni."

"Na san ba Jimma ba ce. Na yi niyyar in ja gefe, wallahi na yi niyya. Amma sai na ga hannunsa."

"Hannun wa?"

"Na Babanki. Sau biyu yana yanko tuwo yana suɓuce masa. Hannun rawa yake yi, yana rufe shi da hannun riga. Kowa na ta surutu, babu wanda ya lura. Haka mahaifina ya fara. Na ga dattijo yana jin yunwa a gaban kwano, ban yi tunani ba, hannuna ne ya tafi da kansa."

Na miƙe tsaye, har mayafina na zamewa.

"Ƙarya kake! Babana lafiyarsa lau! Ka yi abin kunya, yanzu kuma za ka laƙa masa ciwo?"

"Yaushe rabon da ki ga ya ci abinci da idonki?"

Na yi ta lissafi, na kasa tuna ranar. Wannan ya ƙara tunzura ni.

"Ba ruwanka da gidanmu!"

"Gaskiya ne, ba ruwana." Ya ɗauko wata takarda a kan kwalin ya nuna min. "Izinin zamana ƙarshen watan nan zai ƙare. Wannan ta ci gaba da digiri na uku ce, malamina ya ba ni. Saboda ke na so in sa hannu. Yanzu saboda wa? Ranar Alhamis zan tafi Kano, jirgi Juma'a ne."

"Ni za ka yi wa barazana da jirgi? To ka tafi! Allah ya raka taki gona!"

Na fice ina jin Malam Labbo yana kira na, "Ɗiyata, ɗiyata, dawo mana." Ban waiwaya ba. Sai da na shiga mota na gane kuka nake yi, har matar da ke kusa da ni tana tambaya ko rasuwa aka yi.

* * *

Ban tsaya a makaranta ba, gida na wuce. Na ce wa Inna malamanmu ba za su shigo wannan satin ba.

Kwana uku na yi ina sa ido. Inna ce kaɗai ke kai wa Baba abinci, ta ajiye ta fito, ya sa sakata. In an fito da kwanon, tuwon a farfashe yake amma bai ragu ba, sai ta faki ido ta juye wa awaki. Na lura da wuyansa ya zurma. Na lura carbinsa ya koma hannun hagu. Mu bakwai ya haifa, kuma dukanmu mun yarda da maganar gishiri.

Haushin kaina ya fi na kowa ci na. Ina karatun yadda ake gane ciwon dawa tun daga ganye, ga ubana yana bushewa a gabana.

Ranar Alhamis da safe Inna ta kai masa ɗumame ta fita karɓo niƙa. Na lallaɓa na taɓa ƙofar. Bai kai ga sa sakatar ba. Na tura, sallamar ma a ciki na ƙarasa ta.

Yana zaune a kan buzu, kwano a gabansa. Gaban rigarsa duk miya. Loma uku a ƙasa. Hannun nan da ya yi noman da ya ciyar da mu, yana ta karkarwa a kan gwiwarsa, ya danne shi da na hagu ya ƙi tsayawa.

"Fita!" ya daka min tsawa. "Wa ya ba ki izini? Fita na ce!"

Na durƙusa, amma ban fita ba.

"Ashe gaskiya ya faɗa."

"Mansura, zan saɓa maki!"

"Ka saɓa min, Baba. Ka dake ni ma. Amma ka sani sarai ba barbaɗe ba ne, ka sani tun a zauren! Ka bari aka ɓata wa maraya suna, aka kore shi daga gonaki, don dai kada a ce hannunka na rawa. Haba Baba! Kai ka koya mana cewa ƙazafi ya fi kisa."

Na ɗauka mari zai kai min. Sai na ga ya sunkuyar da kai.

"Gara a ce barbaɗe ne," ya ce da ƙyar, "da a ce Sama'ila ya koma jariri. Ni da ake kira rabon gado, ni da ake kira sulhu. In sunka gani, wa zai sake jin maganata? Da cokali zubewa yake. Da hagu kuwa ba ni ci, ko yunwa za ta kashe ni."

"Ita ce kuwa take kashe ka."

Ya kau da kai wajen bango.

"An ce baƙo makaho ne ko da idonshi buɗe. Shekara guda ina cikin gidan ga da ɗiyan da na haifa, babu wanda ya gani. Wanga yaro zama ɗaya ya yi ya gani. Shi ne abin da ban iya yafe mashi ba."

Hawaye suka wanke min fuska. Na jawo butar da ke gefe na wanke hannu, na yanko ɗumamen, na mulmula, na dangwalo miya.

Na kai bakinsa.

Ya dube ni, ya dubi lomar. Na ɗauka zai make ta kamar waccan. Mun daɗe a haka, har hannuna ya fara sagewa.

Sai ya buɗe baki.

Yana taunawa hawaye na bin gemunsa. Da ya haɗiye ya ɗaga min hannu wai ya isa, amma na riga na mulmula wata.

"Ba a tsayawa a ɗaya, Baba."

"In ji wa?"

"In ji shi. Ya ce a garinsu wanda aka fi girmamawa ake yi wa haka. Ya ce loma ɗaya faɗa take jawowa, sai an cike ta biyu. Mahaifinsa ne na ƙarshe da ya ciyar, kuma bai samu zuwa jana'izarsa ba."

Baba ya karɓi ta biyun. Ya karɓi ta uku. Sai da kwanon ya kusa ƙarewa ya yi hamdala, ya jingina da bango ya rufe ido.

"Loma ɗaya ce ya miƙo mani," ya ce, "ta kuwa jawo faɗan. Ina yake?"

"Yau zai tafi Kano. Gobe jirgi."

Ya buɗe ido.

"Kira shi."

Na zaro waya na kira lambar Kedir. Ta yi ƙara har sau huɗu kafin a ɗauka, amma muryar Malam Labbo na ji.

"Ɗiyata, ai ya bar mani wayar, ya ce ba shi da sauran mai kira a ƙasar ga. Yanzu na dawo daga raka shi tashar Gusau. Sun kusa awa guda da tashi."

"Wace mota, Malam? Don Allah wace mota?"

"Wata jar Sharon ce, an ɗaure buhunan albasa a samanta. Lambar direban kam ban karɓa ba."

Na dubi Baba. Ya ji komai. Duk motar da ta taso daga Gusau za ta Kano, ta gaban garinmu take wucewa, amma direbobi sun daina tsayawa a hanyar nan don an ɗaga musu hannu. Tsoron masu tare hanya ya sa ko uwarsu ce ta tsaya sai dai su ƙara wuta.

Baba ya dafa bango ya miƙe.

"Baba, bari in ɗauko maka wata rigar, wannan duk miya ce."

"Bar ta."

Ya zura takalmi ya fita, ina biye da shi. Muka yi karo da Inna a zaure da ƙullin gari a ka, ta saki baki tana kallonmu. Muka wuce layin famfo, matan nan suka sake yin tsit. Wannan karon ni na zuba musu ido har suka sunkuyar da kai.

Bakin titi cike yake da mutane, masu shayi, masu jiran mota, har liman yana zaune a benci. Zaharaddeen na tsaye jikin motarsa zai tafi shago, yana hango mu ya taho da sauri.

"Baba, lafiya? Ina za ka haka? In kai ka ne?"

"Matsa mani," in ji Baba. "Kai da ni za mu zauna daga baya, a kan bakinka."

Ya taka har gefen kwalta ya tsaya, hannunsa na dama cikin aljihu. Tirela ta wuce. Wata farar bas ta wuce. Ni dai addu'a nake yi, ban ma san me nake karantawa ba.

Can daga wajen Tsafe sai ga wani jan abu ya ɓullo, da buhuna a samansa, yana sheƙa gudu.

Baba ya ƙara taku biyu, har ƙafarsa ta hau kwalta. Ya zaro hannun daga aljihu ya ɗaga shi sama.

Hannun ya yi ta karkarwa a gaban duk Kucheri. Mai shayi ya tsaya da kofi a hannu. Liman ya miƙe.

"Baba," in ji Zaharaddeen, "hannunka..."

"Na sani," Baba ya ce da ƙarfi, bai ko waiwayo ba. "Ku kalla da kyau, ku duka. Shi ne barbaɗen."

Motar tana ta matsowa ba ta rage gudu ba, shi kuma bai sauke hannun ba.